Birkin Bayan da Na Kashe da Guduma

Likita ne ya ce in riƙa zama waje ina shan iska, shi ya sa kullum da hantsi nake shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, kuma shi ya sa nake ganin abin da raina ba ya so. Tsallaken titi akwai wani wuri da suke kira gareji. Samari ne huɗu ko biyar, kowa da waya a hannu, kayan aikinsu gaba ɗaya ba su cika bokiti guda ba. Baburan 'yan kabu-kabu suka saba taɓawa, da motocin masu zuwa haƙar zinariya, waɗanda in abu ya lalace cirewa ake yi a yar a ɗaura sabo. To kwanan baya sai ga wani ya jawo musu tsohuwar bashe, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya da rumfar tanti, wadda a zamaninmu ita ce jakin Arlit. Ya ce ta marigayi mahaifinsa ce, yana son ya tashe ta. Ciwonta ɗaya ne: in ta ɗan yi tafiya aka taka birki, sai ƙafafun baya su ƙame su ƙi saki, tayoyi na jan ƙasa. Kwana uku ina kallonsu. Sun canza takalman birki, sun canza wancan sun canza wannan, sun haɗa kai kan waya ɗaya suna kallon wani Bature yana gyaran motar da ko kama da ita ba ta yi ba. A rana ta huɗu na ga babbansu ya ɗauki guduma ya shige ƙarƙashin mota. Ban san lokacin da na jawo sandata na tsallaka titi ba.

Na ce, "Kai ɗan nan, me guduma za ta yi a ƙarƙashin mota?"

Ya leƙo ya ce, "Baba, furen baya za mu kashe, birkin baya ke nan. A daka bututun, mai ya bar zuwa, shi ke nan. Na gaba ya isa."

Na ce, "Kun duba tiyon roba?"

Suka dubi juna suka yi dariya. Wani ya ce, "Baba tsoho, koma inuwa kada rana ta yi maka illa. Wannan aikin zamani ne."

Aikin zamani! Wannan shirmen ya girmi ubansa. Na koma tabarmata, ina ji aka buga sau uku. Da mai motar ya zo na tare shi na gaya masa abin da aka yi mata, ya ce ya gode, ai motar ta ado ce, cikin gari kawai zai riƙa zagayawa da ita. Na ce Allah ya tsare. Amma tun ranar ban samu sukuni ba, don na san wannan bugun guda uku, na taɓa yin sa da hannuna.

Na zo garin nan ina saurayi, daga kudu, a saman buhunan gero. Lokacin Arlit bai wuce 'yan layukan gidajen kamfani da bukkokinmu na 'yan ci-rani ba. Da asuba ladan ne ke fara tashe mu, sai jiniyar ma'adina, wato mahaƙar kamfani, ta biyo baya, sai rurin manyan motocin da ke kwasar ma'aikata. In sun wuce gari ya yi tsit, ba ka jin komai sai maƙera na dukan langa-langa da kukan jakunan masu ruwa. Garejinmu rumfa ce da rami ɗaya. Kafin rana ta yi zafi sai mun share wurin, mun tankaɗe yashi da rariya don neman notin da ya faɗi jiya, mun wanke kowane kile, wato sufana, da gazuwal, man dizal, a cikin rabin gwangwani mun jera su kan buhu, babba zuwa ƙarami. Taya da famfon hannu muke hura ta, bugu ɗari biyu ɗari uku, har kafaɗa ta mutu. Ba a yar da komai. Tsohuwar roba ta zama washar da ake sa wa noti, tsohon ƙarfe ya zama kusa. Yaran yanzu in noti ya faɗi cikin yashi ko sunkuyawa ba sa yi, sai su aika a sayo wani, su ɗora wa mai mota.

Maigidana Badamagare ne, gajere, kuma haƙurinsa ya fi shi gajarta. Shekara guda cur na yi a hannunsa bai bar ni na kwance ko noti ɗaya ba. Shi kansa ba ya taɓa mota sai ya zauna ya sha shayi da mai ita, yana yi masa tambayoyi kamar mai neman aure. Yaushe ta fara? Da sanyin safiya take yi ko in ta ɗau zafi? Da kaya ko wayam? Wa ya taɓa ta kafin ni? In ya gama sai ya ce a zagaya da ita, a dawo, ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya yana ɗora bayan hannunsa a kan tambur, wato kwanon ƙarfen nan da ke bayan taya wanda takalman birki ke matsewa daga ciki. Ya sunkuya ya shinshina. Yakan ce, "Hannu da hanci tukuna, kile daga baya." Yakan kuma ce mai canza kaya ɗan kasuwa ne, ba makaniki ba. Mu a lokacin gani muke tsufa ne da son jan rai, muna yi masa dariya a bayan ido kamar yadda waɗancan suka yi mini, sai dai mu ba mu isa mu yi a gabansa ba.

Da na yi shekaru, gemu ya fito, na mallaki kilena na kaina, sai kaina ya kumbura. In ana neman wawa a garin nan a lokacin, da ni za a fara. Akwai wata cuta da ta kama mu duka, ita ce bautar kayan kamfani. Duk abin da ya fito daga ma'adina mai albarka ne a idonmu: takalmi, ganga, igiya, ko tsumma ne. Cikin irin waɗannan kaya akwai wani jan mai da ake zuba wa manyan injunan da ke ɗaga duwatsu. Abokanmu ma'aikata kan rago shi a kwalba su kawo mana. Mu a hankalinmu na kaji, man da ke ɗaga dutse mai girman ɗaki ai ya fi ƙarfin ɗan farin man birkin da ake sayarwa a kanti. Maigida ya hana. Ya ce robar birki ba ta shan wannan man, in ta sha kumbura take yi. Na ce a raina, ina tsohon nan ya taɓa ganin cikin ma'adina? Na ɓoye kwalbata a bayan tsofaffin tayoyi.

Cikin masu kawo mana mota akwai wani dattijo Ba'abzine mai lambu a can cikin duwatsu, tafiyar yini guda daga nan. Dogo ne, da baƙin rawani, in yana magana sai ka matso don ba ya ɗaga murya. Duk bayan mako biyu yakan sauko da basharsa maƙare da albasa da tumatir, a saman kayan kuma mutanen ƙauyensu, mata masu zuwa asibiti da tsofaffi masu zuwa kasuwa, don ita kaɗai ce motar kwarin nasu. Wata rana ya kawo ta a duba, Maigida ya tafi kasuwa, na ga man birkinta ya yi ƙasa. Na ɗauko kwalbata na cika masa, har ina yi masa burga cewa man kamfani na sa masa. Ya ce Allah ya yi mini albarka.

Bayan wata biyu ko uku aka yi wa Maigida rasuwa a Agadas, ya tafi ta'aziyya ya bar mini gareji. Ranar da ya tafi sai ga dattijon nan, ya sauke kayansa a kasuwa, motar na tafe tana wari kamar an ƙona gashi.

Ya ce da Hausarsa ta Abzinawa, "Ɗana, motana yana kama ƙafa. In na taka furen, baya yana riƙewa, ba ya saki. Sai na tsaya na yi shayi ya huce, kana ya tafi."

Na ce, "Ƙaramin abu ne, Baba. Je ka ka huta."

Ban tambaye shi komai ba. Ban ɗora hannu ba, ban shinshina ba. Na ɗaga mota na cire tayoyi na fasa tambur, na zare takalman birki na sa sababbi, na canza 'yan ƙarafan da ke ja da su baya. Na zagaya da ita, kafin in kai bakin kasuwa ta ƙame. Na dawo na sake kwancewa, na goge tambur da yashi, na sassauta wayar birkin hannu har ta yi lilo. Ta sake ƙamewa. Yini biyu ina abu ɗaya. Dattijo na zaune a inuwar rumfa da butar shayinsa, sau ɗaya kawai ya gaya mini cewa an riga an tone albasa, tumatir kuma ba ya jiran kowa. Makanikan maƙwabta suka fara taruwa suna kallo, ana 'yar dariya ƙasa-ƙasa, wai magajin Maigida ya gamu da gamonsa. Wannan dariyar ce ta fi damuna, ba albasar mutumin ba. Sai wani daga cikinsu ya raɗa mini cewa in kashe na bayan kawai, direbobin sahara duk haka suke yi. Na faki idon dattijon, na shiga rami da guduma, na ɗora bututun ƙarfen da ke kai mai baya a kan wani ƙarfe, na daka shi sau uku har ya lafe. Na fito na zagaya gari da mota, na taka na saki, na taka na saki, lafiya lau. Na miƙa masa makulli na ce an gyara. Hausawa kan ce gyaran gangar Auzinawa in an yi gyaran da ya fi ɓarna muni, to ni Bahaushe ni na yi wa Ba'abzine shi, kuma ya tafi yana sa mini albarka.

Washegari da azahar Maigida ya dawo. Ko ruwa bai sha ba idonsa ya faɗa kan takalman birkin da na yar a gefen rami. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi.

Ya ce, "Na wace mota ce?"

Na gaya masa.

"Me ya same su? Ko rabi ba su ci ba."

Na ce ƙafa ce take kamawa, na ba shi labari ina ƙara gishiri, har na zo kan dabarar da na yi. Wallahi da alfahari na faɗe ta.

Ya ce, "Ƙafa ɗaya ke kamawa ko biyu?"

Na ce, "Biyu, Maigida."

Ya ce, "Ciwon da ya kama ƙafa biyu lokaci guda ba a ƙafa yake ba." Sannan ya ce, "Ka gaya masa ba shi da birkin baya?"

Na sunkuyar da kai.

"Hawa ya yi wayam, wannan ba komai. Saukowa fa? Da albasa har rumfa, da mutane a sama, a wannan gangaren? Yaushe zai sauko?"

Na ce ya ce gata. Maigida bai zage ni ba, kuma da zagin ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya fita neman mota, don lokacin babu wayar da za ka kira mutumin da ke cikin duwatsu, saƙo da ƙafa yake tafiya. Bai samu aro ba sai da yamma, muka kama hanya bayan sallar asuba. A lissafinmu za mu riga shi da yini guda. Duk tsawon hanyar nan, yashi da tsakuwa da ƙaya, idon Maigida na kan hanya. Ni dai ina ta lissafi a zuci, yau ai jibi bai yi ba, balle gata.

Da la'asar muka iso gindin gangaren, inda hanya ke sauka daga dutse tana lanƙwasa ta faɗa busasshen kwari. Albasa muka fara gani. Tana warwatse a kan hanya, ɗaya nan ɗaya can, sai kuma da yawa, ga wasu awaki na cin fasasshen tumatir. Ashe tumatir ɗin ne ya nuna da wuri, dattijo ya yi lodi ya taso da safiyar ranar. Motar na can ƙasa ta kafa hanci a jikin dutse. Mutanen da ke sama Allah ya taimake su, kan yashi suka zube, daga mai kurjewa sai mai targaɗe. Wata tsohuwa ta gaya mana cewa tun daga tsakiyar gangaren birki ya fara hayaƙi ya daina ci, dattijon kuwa ya ƙi sakin sitiyari, ya kauce wa ramin da ke hagu ya nufi dutsen da gangan. Shi muka tarar kwance ƙarƙashin wata ƙaya, an ɗaure masa ƙafar dama da itace da tsagin rawaninsa. Da ya gan mu ya ce Allah ne ya kawo mu, bai ma tambayi abin da ya kawo mu ba. Muka ɗauko shi zuwa asibiti.

Bayan mako guda aka jawo motar gareji. Maigida ya ɗauko kujerarsa ya zauna a bakin rami ya ce ni zan yi, shi zai kalla. Na yanke inda na daka, na haɗa sabon bututu, na fitar da iska. Ya ce a taka birki da ƙarfi sau da yawa a saki. Na kama tayar baya, ta ƙi juyawa, ta ɗaya gefen ma haka. Ya ce, "Sassauta ɗan notin da ke bayan tambur." Ina sassautawa mai ya yi tsartuwa ya fesa mini a fuska, tayoyin biyu suka saki nan take.

Ya ce, "Me ta gaya maka?"

Na ce, "Mai na zuwa, amma ba ya komawa."

"To bi shi ka ga inda aka tare shi."

Na ɗaure notin, aka sake taka birki har ta ƙame, na bi bututun ina komawa gaba. Tsakanin jikin mota da ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya akwai ɗan tiyon roba, tsawonsa bai fi taƙi ɗaya ba, shi ke ciyar da ƙafafun biyu. Na kwance ta gabansa, mai bai yi motsi ba, taya na nan a ƙame. Na kwance ta bayansa, ya feso. A waje tiyon lafiyarsa ƙalau, ko tsaga babu. Maigida ya miƙo mini wuƙarsa ya ce in tsaga shi. Cikin ya kumbura ya haɗe, ko allura da ƙyar za ta wuce. Ƙarfin ƙafar direba na iya tura mai ta wannan 'yar ƙofa, amma babu abin da zai turo shi baya, sai ya zauna yana matse takalma a jikin tambur. Duk binciken nan bai kai a sha shayi zagaye ɗaya ba, ni kuwa na kashe yini biyu da ƙafar mutum a kansa. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Na ɗauka an gama. Sai Maigida ya tashi ya buɗe gaban mota, ya cire murfin kwalbar man birki, robar murfin ta kumbura ta yi laushi kamar danƙo. Ya tsoma yatsa ya ɗaga shi a rana. Ja ne. Ya dube ni. Na je bayan tayoyi na ɗauko kwalbata na ajiye a gabansa. Kwana biyu muka yi muna wanke bututan motar nan, muka canza duk wata roba da jan man ya taɓa, daga gaba har baya, muka zuba farin man kanti da na raina. Ta koma tana tsayawa cak tana saki sumul, kamar ba ta taɓa ciwo ba.

Maigida ya goge hannunsa ya ce, "Mota ta warke, saura mai ita. Ni ba zan gaya masa ba, ba ni na daka ba. Tashi mu je."

Muka same shi a gadon asibiti. Likitoci sun riga sun ce ƙafar ba za ta sake taka feda ba. Ya rame, amma ya gyara rawaninsa tsaf don ya ji baƙi na zuwa. Muka gaisa. Maigida ya ja da baya ya jingina da ƙofa ya bar ni a gaba. Tun daga gareji nake shirya maganar a bakina, na san ta farko na san ta ƙarshe. Kafin in fara dattijo ya kamo hannuna da hannayensa biyu.

Ya ce, "Ɗana, kada ka sa damuwa. Aikinka yana da kyau. Daga Arlit har gida, ƙafa bai kama ba ko sau ɗaya. Ni ne na yi haɗama, na loda masa kaya ya fi ƙarfinsa. Na kusa in kashe mutane don albasa. Kullum ina roƙon Allah gafara."

Ina jin idon Maigida a ƙeyata. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya ƙara sauƙi, Baba."

Na ce gobe zan dawo in faɗa. Goben nan ba ta zo ba. Ya koma duwatsunsa da sanda biyu, ɗan ƙaninsa ya karɓi tuƙi, kuma a ƙauyensu har ya bar duniya ana cewa shi ne mutumin da haɗama ta karya. Duk kakar rumman sai ya aiko mini da kwali guda daga lambunsa, a ce a kai wa makanikin nan mai hannun kirki. Ni kuwa marar kunya in sa hannu biyu in karɓa, in ce a gaishe shi da jiki. Nakan fasa in raba wa duk wanda ke gareji, kowa ya ci yana santi. Maigida bai taɓa kai ko ƙwaya ɗaya bakinsa ba.